BABI NA UKU: CUTUTTUKAN KARNUKA DA KYANWOYI A ƘASAR BAGWAI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan cututtukan da suka fi addabar karnuka da kyanwoyi a ƙasar Bagwai, tare da alamomin kowace cuta, da hanyar da take bi ta yaɗu, da kuma abin da ya kamata malamin dabbobi ya yi idan aka kawo masa ita. An yi la'akari ne da ɗaliban da ke koyon wannan aiki a makarantu irin su Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da Kwalejin Tarayya ta Kiwon Lafiyar Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Waɗannan ɗalibai suna koyon sunayen cututtuka da Turanci, amma ranar da suka fita aiki, da Hausa mai dabba zai yi musu bayani. Kuma kamar yadda za a gani, sau da yawa suna ɗaya a bakin mai dabba yakan ƙunshi cututtuka biyu ko uku waɗanda asalinsu da maganinsu da haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Rarrabe su shi ne ginshiƙin aikin, domin a cikinsu akwai waɗanda ba sa tsayawa a kan dabba, har mutum suke kamawa.

3.1 Matsayin Kare da Kyanwa a Ƙasar Bagwai

Ƙaramar Hukumar Bagwai tana arewa maso yamma da birnin Kano, tana maƙwabtaka da Bichi da Shanono. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 160,000. Ƙasa ce ta noma wadda garuruwanta, irin su Kiyawa da Romo da Gadanya da Gogori da Kwajali da Rimin Dako, suke kusa da juna, gona na haɗe da gona, rugagen Fulani kuma na tsakanin gonakin. Madatsar ruwa ta Watari ta sa ana noman rani na shinkafa da masara da kayan lambu, baya ga gero da dawa da wake da gyaɗa na damina.

A irin wannan zama, kare da kyanwa dabbobin aiki ne. Akwai karen farauta, wanda Bahaushe ya san darajarsa har ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Akwai karen kiwo da ke bin garke yana gadin ruga, akwai kuma karen gadin gida da lambu. Addinin Musulunci ya yarda da ajiye kare don farauta da gadin dabbobi da gona, sai dai ba a shigar da shi ɗaki, kuma ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki. Ita kuwa kyanwa, ko mage, tana shiga ko'ina, daga ɗakin kwana har madafa, kuma ita ce mai tsaron rumbu daga ɓera.

Duk da wannan aiki, ba kasafai ake kashe kuɗi a kan lafiyarsu ba. Manomin da zai yi tattaki neman magani saboda sa ko rago, ba lalle ne ya yi haka saboda kare ba, domin kare ba ya shiga kasuwar dabbobi a saye shi da tsada. Galibi ba a ɗaure shi, shi ke nema wa kansa abinci a juji da bakin kwata. Saboda kusancin garuruwa, karen wannan ƙauye kan kwana a wancan, ya yi faɗa ko barbara, ya dawo. Wannan ne ya sa cuta ba ta wahalar samun hanya. Har ila yau, waɗanda suka fi cuɗanya da waɗannan dabbobi yara ne, su ke wasa da kwikwiyo, su ke ɗaukar 'yar kyanwa.

3.2 Sunan Cuta a Bakin Mai Dabba

Bahaushe yakan raɗa wa cuta suna ne daga alamar da ido ya gani. Idan kare yana dalalar da yawu yana abin da bai saba ba, sai a ce ya haukace. Idan yana zawo, a ce gudawa ce ko an ba shi guba. Idan gashi ya zube, a ce ƙazuwa ko kirci. Idan yana ƙanjamewa, a ce rama ce ko yunwa. Waɗannan sunaye daidai suke ta fuskar harshe, amma alama suke faɗa, ba su faɗi asalin cuta ba. Don haka idan mai dabba ya ambaci ɗaya daga cikinsu, malamin dabbobi bai gama gano cuta ba, yanzu ne ma zai fara tambaya: watan dabbar nawa, yaushe abin ya fara, ko an taɓa yi mata allura, ko wata dabba ta cije ta, ko an zuba maganin ɓera a gidan, kuma mafi muhimmanci, ko ta ciji wani ko ta yakushe shi. Bayan tambaya sai gwajin zafin jiki, wanda a lafiyayyen kare ko kyanwa yake tsakanin digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin salshiyos, sannan duba launin dasashi da idanu da fata. A kan waɗannan sunaye na Hausa aka tsara bayanin da ke biye.

3.3 Hauka

3.3.1 Haukan Kare na Ainihi

Wannan ita ce cutar da ta fi kowace haɗari. Ƙwayar bairas ce ke kawo ta, tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta hanyar cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da ke da rauni. Daga nan sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki wata biyu zuwa uku a jikin mutum, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, gwargwadon kusancin cizon da kai. Da zarar alamomi sun bayyana, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga cizon kare. Kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A Nijeriya an fara rubuta rahoton cutar a jikin mutum a 1912, a jikin kare kuma a 1925.

Cutar tana zuwa wa kare ta fuska biyu. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: kare ya canza hali, ya bar gida yana yawo ba inda ya nufa, muryarsa ta dishe, yana cizon duk abin da ya tarar, har itace da dutse. Ta biyu ita ce ta shiru, kuma ita ta fi yaudara. Kare ba ya faɗa, sai muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, baki ya kasa rufuwa, yawu na zuba, ƙafafun baya su fara shanyewa. Mai kare kan zaci ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro, sai ya zura hannu don ya ciro. Ɗalibi ya riƙe wannan da kyau: ba a sa hannu tsirara a bakin karen da ke dalala. Haka kuma tsoron ruwa alama ce ta mutumin da ya kamu, ba ta kare ba, saboda haka ganin kare ya tunkari ruwa ba hujja ba ce ta cewa lafiyarsa ƙalau. Bugu da ƙari, cutar na kama shanu da awaki da jakuna idan mahaukacin kare ya cije su, kuma a saniya ma akan yi kuskuren ɗauka cewa wani abu ne ya shaƙe ta.

3.3.2 Cututtukan da ke Kama da Hauka

Akwai abubuwa biyu da ake kira hauka alhali ba haukan kare ba ne. Na farko cutar distamfa, wadda wani masani Bafaranshe mai suna Henri Carré ya nuna a 1905 cewa bairas ke kawo ta. Tana bin iska daga tari da majina, kuma ta fi kama karnuka masu ƙarancin shekaru. Takan fara da zazzaɓi da kwantsa mai kauri da majina da tari, wani lokaci da zawo. Bayan makonni sai ta taɓa ƙwaƙwalwa: naman jiki ya riƙa zillo, kare ya riƙa tauna iska kumfa na fita, ko ya faɗi kamar mai farfaɗiya. A wasu, tafin ƙafa da kan hanci kan yi tauri. Distamfa ba ta kama mutum, kuma takan ja makonni, alhali karen da haukan gaske ya bayyana gare shi ba ya wuce kamar kwana goma.

Na biyu guba. A ƙasar noma irin Bagwai, maganin feshi da fiya-fiya da shinkafar ɓera suna nan a gidaje da yawa. Karen da ya lashi maganin ƙwari, ko aka yi masa wanka da maganin kaskar shanu mai ƙarfi, zai yi dalala da karkarwa da amai da zawo, ƙwayar idonsa ta tsuke. Bambancinsa da hauka shi ne farat ɗaya yake zuwa, cikin sa'o'i kaɗan, kuma idan aka hanzarta, allurar atirofin tana taimakawa a gubar irin wannan maganin ƙwari.

Duk da waɗannan bambance-bambance, ƙa'idar aiki ita ce: duk karen da ba a yi wa allura ba, ya zo da alamar taɓuwar ƙwaƙwalwa, a ɗauke shi a matsayin mahaukaci har sai an tabbatar ba haka ba ne. Kuskuren tsare kare mai distamfa ƙarami ne. Kuskuren sakin mahaukacin kare rai yake ci.

3.3.3 Abin da za a Yi Idan Kare ya Yi Cizo

Abin da aka saba gani a karkara shi ne, da kare ya yi cizo sai matasa su bi shi da sanduna, su fasa masa kai, a jefar da gawar. Wanda aka ciza kuwa a ɗaure masa wurin, wasu su ɗora gashin karen a kai, rauni ya warke, a manta. Bayan wata biyu ko uku idan ciwo ya tashi, sai a danganta shi da iska ko sammu, domin ba wanda ya tuna da cizon. Matakan da suka dace su ne:

(a) A wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. Wannan kaɗai yana rage haɗari ƙwarai.

(b) A kai mutumin asibiti a ranar, don a fara yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda ake maimaitawa a rana ta 3 da ta 7, a wani tsarin kuma a ƙara ɗaya bayan mako biyu. Idan raunin mai zurfi ne, akwai wata allura ta daban da ake yi a cikin raunin da kewayensa. Ba a gaggawar ɗinke irin wannan rauni. Wannan aikin ma'aikatan lafiyar mutane ne, aikin malamin dabbobi shi ne ya tura, ya kuma bi sawu.

(c) Idan an san karen kuma ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa. Idan ya cika kwanakin lafiya lau, to babu cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran cikar kwanakin kafin a fara wa mutum allura.

(d) Idan ya mutu ko dole ta sa aka kashe shi, kada a fasa kan, domin ƙwaƙwalwa ake gwadawa. A sanar da likitan dabbobi, a sa kan cikin ƙanƙara a aika ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take can tun 1924.

(e) A bincika sauran mutane da dabbobin da karen ya ciza a kan hanyarsa, har a ƙauyukan maƙwabta.

3.4 Gudawa

Idan aka ce kwikwiyo na gudawa, abubuwa biyu ne suka fi zuwa a gaba. Na farko cutar fabo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978 ta kuma game ko'ina cikin ɗan lokaci. Ta fi kama kwiyakwiyai daga mako shida zuwa wata shida. Kwikwiyo zai daina cin abinci, ya yi ta amai, sannan zawo mai jini da ƙarni mai tsanani ya biyo baya. Ruwan jiki kan ƙare cikin kwana biyu ko uku. Saboda saurinta, da yadda take ɗauke 'yan ciki ɗaya gaba ɗaya, mai kare kan zargi maƙwabci da sa guba, har a yi rigima a kan abin da ba wanda ya aikata. Babu maganin da ke kashe wannan bairas. Abin da ke ceton kwikwiyo shi ne ƙarin ruwa, da maganin tsayar da amai, da maganin ƙwayoyin bakteriya da ke samun hanya ta hanjin da ya lalace. Ƙwayar cutar kan yi watanni a cikin ƙasa, kuma takalmin malamin dabbobi ma yana iya ɗaukar ta daga gida zuwa gida. Ana wanke wuri da kwanuka da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi 30 na ruwa, kuma ba a kawo sabon kwikwiyo gidan sai wanda ya gama allurarsa.

Na biyu tsutsar ciki. Akwai doguwa mai kama da taliya wadda kwikwiyo ke samu tun yana cikin uwarsa, tana sa ciki ya kumbura gashi ya yi cuku-cuku. Akwai kuma ƙarama mai ƙugiya wadda ke maƙale a hanji tana shan jini, tana sa kashi ya yi baƙi, dasashi ya yi fari fat. Dukkansu suna taɓa mutum. Ƙwan ta farko na shiga cikin yaron da ke wasa da ƙasa yana kai hannu baki, kuma tsutsar na iya kai wa ga hanta ko ido. 'Ya'yan ta biyu kuwa suna huda fatar mai tafiya ba takalmi a ƙasa mai dausayi, su bar wani layi mai ƙaiƙayi da ke tafiya a ƙarƙashin fata. Wuraren noman rani, inda ƙasa ba ta bushewa, sun dace da rayuwar wannan tsutsa. Ana fara ba kwikwiyo maganin tsutsa yana da mako biyu, a maimaita duk mako biyu har ya kai wata uku, babban kare kuma duk wata uku.

3.5 Rama da Kaska

Ba kowace rama ce ta yunwa ba. Kaskar kare, mai launin ƙasa-ƙasa, tana ɓuya a tsagar katangar ƙasa da inda kare ke kwanciya, kuma macen kan saka dubban ƙwai. Baya ga shan jini, tana ɗauke da cututtuka biyu. Ɗaya ita ce babesiya, wadda ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, ta kawo zazzaɓi da farin dasashi da kumburin saifa, fitsari ya yi ja ko ruwan shayi, idanu su yi rawaya kamar mai shawara. Ɗayar kuma elikiya, mai kawo zazzaɓi da rama a hankali da haɓo. Ana gane su ta duba ɗigon jini a madubin likita. Ita elikiya ana ba da doksisaikilin har kwana 28. Ita kuwa babesiya ana amfani da maganin nan da makiyaya suka sani da sunan Berenil, kuma a nan ake buƙatar hattara. Makiyayin da ya saba yi wa saniya wannan allura da kansa, idan ya kwatanta da ido ya yi wa kare, yana iya kashe shi, domin tsakanin adadin da ke warkar da kare da wanda ke lalata masa ƙwaƙwalwa tazarar kaɗan ce. Sai an auna nauyin kare, kuma ba a maimaitawa a kusa-kusa.

Har ila yau, karnukan farauta da ake tafiya da su dazuzzukan kudu, inda ƙudan tsando yake, suna iya dawowa da sammore. Alamarta zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da kumburin fuska, da wani hazo fari da ke rufe ido. Don haka tambayar inda kare ya je a 'yan makonnin baya tana cikin gwaji.

3.6 Ƙazuwa da Kirci

Zubar gashi ma iri-iri ce. Akwai ƙazuwar da wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke haƙa rami a fata, tana farawa a gefen kunne da gwiwar ƙafa, da ƙaiƙayi mai tsanani. Tana yaɗuwa tsakanin karnuka, tana kuma sa wa masu ɗaukar kare ƙuraje na ɗan lokaci. Akwai wata da ke farawa a kewayen ido da baki ba tare da ƙaiƙayi sosai ba, wadda ta fi kama kwikwiyon da jikinsa ya yi rauni, ita kuma ba ta yaɗuwa. Akwai makero, mai zagayayyen tabo, wanda ba ƙwaro ke kawo shi ba, gansakuka ce, kuma yana kama kan yara. Ana bambanta su ta kankaro fata a duba a madubin likita. Allurar aibamektin tana maganin ƙazuwa, amma ba ta yi wa makero komai. Al'adar shafa wa kare baƙin mai na inji ba ta da amfani, ƙona fata take yi, idan kuma ya lasa ya sha guba.

Da damina akan ga wasu ƙuraje kamar maruru masu ɗan rami a tsakiya a cikin kwikwiyo da ƙafafunsa. Wani ƙuda ne ke saka ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsar ta shiga fata ta girma. Idan aka toshe ramin da man shafawa mai kauri, tsutsar kan leƙo neman iska, sai a matse ta fito, a wanke wurin, a kuma canza wa kwikwiyon makwanci.

3.7 Tsila da Kayan Cikin Dabbobi

Akwai wata cuta da kare ba ya nuna alamarta ko kaɗan, amma shi ke raba ta. Wata 'yar ƙaramar tsila ce da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, tana zaune a hanjinsa. Ƙwanta na fita a kashi, tumaki da awaki da shanu da raƙuma su ci a ciyawa, sai ya zama jakar ruwa a hanta ko huhu. Mahauci idan ya ga irin wannan jaka yakan yanke wurin ya jefa wa karen da ke jira, shi ke nan an mayar da cutar inda ta fito. Mutum ma yana kamuwa daga kashin kare ta hannu ko ganye ko ruwa, jakar ta yi shekaru tana girma a hantarsa, har sai an kai ga tiyata. Wata 'yar'uwar wannan tsila kuma jakarta a ƙwaƙwalwar tunkiya take fita, ta sa ta riƙa juyawa wuri ɗaya. Maganin abin biyu ne: a binne gurɓatattun kayan ciki da kawuna a rami mai zurfi ko a ƙone su, musamman a kwata da lokacin Babbar Salla, sannan a riƙa ba karnuka maganin firazikwantel. A nan Sarkin Fawa abokin aikin malamin dabbobi ne.

3.8 Cututtukan Kyanwa

Hausawa na cewa kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, amma kyanwar gida tana yin duka biyun, kuma tana kamuwa da haukan kare. Cizonta ko yakushinta hukuncinsu ɗaya da na kare, bisa matakan da aka zayyana a 3.3.3.

Daga cikin cututtukanta akwai wata gudawa, 'yar'uwar fabo, mai kashe 'yan kyanwoyi da amai da zawo. Akwai mura mai sa atishawa da kwantsa har ido ya manne, da gyambon harshe da ke hana cin abinci. Muzuru kuwa yawan faɗa kan bar masa ƙurji mai mugunya a kai da gindin wutsiya. Makero ma ya fi zuwa wa yara daga kyanwa, domin tana iya ɗauke da shi ba tare da tabo ya fito fili ba.

Wadda ta fi buƙatar bayani ita ce toksofilasma. Kyanwa na samun ta daga cin ɓera ko ɗanyen nama, ta yi mako ɗaya zuwa uku tana zubar da ƙwan cutar a kashi, ba tare da ta nuna rashin lafiya ba. Ƙwan ba ya zama haɗari sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a waje. Idan mace ta kamu karon farko tana da juna biyu, cikin na iya zubewa, ko a haifi jariri da matsalar ido ko ƙwaƙwalwa. Haka take sa tumaki da awaki ɓari idan kyanwa ta yi kashi a cikin dusa ko harawa. Wannan ba dalili ba ne na korar kyanwa. Abin da ake buƙata shi ne a kwashe kashinta kullum, mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki, a rufe abincin dabbobi, a wanke ganye, a kuma dafa nama ya nuna.

Daga ƙarshe, ɗalibi ya san cewa kyanwa ba ƙaramin kare ba ce. Hantarta ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka maganin ƙuma da kaska na kare mai sinadarin fametirin yana sa ta karkarwa da suma. Kuma gidan da ya zuba shinkafar ɓera yana iya rasa kyanwarsa tare da ɓerayen.

3.9 Rigakafi

Yawancin cututtukan bairas da aka ambata ba su da magani, amma suna da allurar rigakafi. Ana fara wa kwikwiyo allurar haɗaka ta fabo da distamfa yana da mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Allurar hauka kuwa ana yi wa kare da kyanwa suna da wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Dole allura ta zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, daga inda aka ɗauko ta har zuwa jikin dabba. Wadda ta sha zafin bazara a aljihu ko a kan babur ba ta da tabbas, kuma illarta ita ce mai kare zai saki jiki alhali karensa ba shi da kariya.

Tun da Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar haukan kare a Faransa a 1885, an san cutar tana da makari. An kuma tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, ana maimaitawa shekara bayan shekara, cutar kan yanke a yankin. Kashe karnuka da guba bai cim ma wannan ba, domin wasu karnukan da ba su da allura ne ke maye gurbinsu. A kan wannan ne hukumomin duniya suka ƙuduri aniya a 2015 ta kawar da mutuwar mutane daga cizon kare nan da 2030, kuma ana ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don faɗakarwa.

A ƙasar Bagwai, kusancin garuruwa da ke taimaka wa cuta yana iya taimaka wa rigakafi, domin ma'aikaci ɗaya zai iya zagaya ƙauyuka da dama a yini. Sai dai ba zai ga karnukan ba idan bai bi ta hannun masu su ba: dagatai da masu unguwanni don shela, shugabannin mafarauta don karnukan farauta, arɗo don na ruga, da yara, waɗanda su ne kare ke yarda su riƙe shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, kafin a fara fita farautar rani, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

3.10 Naɗewa

A wannan babi an kawo cututtukan karnuka da kyanwoyi bisa sunayen da mai dabba ke kiransu da su, wato hauka da gudawa da rama da ƙazuwa, aka nuna cewa kowane suna yana ƙunshe da cuta fiye da ɗaya. An kuma nuna waɗanda ke tsallakawa zuwa ga mutum: haukan kare, da tsutsar ciki, da tsila mai jakar ruwa, da makero, da toksofilasma. Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa malamin dabbobin da ke duba kare ko kyanwa a ƙauye, lafiyar yaran gidan da ta garken gidan yake dubawa. Babi na gaba zai yi nazari a kan hanyoyin gargajiya da mafarauta da makiyaya ke bi wajen magance waɗannan cututtuka.